Jitar bes mai tsada: shin ta cancanci kuɗinta ga mai aiki a Kumasi?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta hana ni sukuni tun bayan ƙaramar Sallah. Shekarata 4 ina kaɗa jitar bes, wato mai kaurin murya, a wata ƙungiyar makaɗa a nan Kumasi, kuma yawancin aikinmu bukukuwan aure ne, da taron jana'izar Asantawa na ranar Asabar, sai wani otal da muke yi wa wasa a daren Juma'a. Jitar da nake riƙe da ita mai tsirkiya 4 ce, ta hannu na saya a wani shago a Adum, ba ta ma ɗauke da sunan wani kamfani da aka sani. Ta yi mini hidima ƙwarai, amma yanzu wuyanta ya sunkuya har tsirkiyoyin sun yi nisa da katako, idan na yi awa 3 ina kiɗa sai yatsuna su yi tsami, kuma da zarar an ƙara mata murya sai ta kama wani gurnani da ba ya yankewa.

Na kwashi adashi, na haɗa da abin da na ɗan tara, kuɗin hannuna sun kai sidi 14,000. Wani mutum ya nuna mini Fender Jazz Bass da ya ce ƙirar Amurka ce, ɗan'uwansa ne ya aiko masa, yana neman sidi 22,000, ya kuma yarda in cika masa ragowar a cikin wata 4. A gefe guda na ga sabuwar Sire mai tsirkiya 5 da wata Yamaha, kowacce ba ta haura sidi 7,000 ba. Shugaban ƙungiyarmu cewa yake araha ba ta ado, in daure in sayi abin da ba zan sake sayen wani ba har tsufana. Zuciyata ma can ta karkata, ba zan ɓoye muku ba, domin ranar da na riƙe Fender ɗin nan na ji kamar hannuna ya daɗe da saninta. Amma ina so waɗanda suka riga ni su gaya mini gaskiya: wannan ninkin kuɗin har sau 3, sauti nake saya da shi ko suna?

Baba Mai Gyaran Jita, Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na fi shekara 20 ina buɗe cikin jita ina rufewa, masu tsada da masu araha duk sun bi ta kan teburina, saboda haka bari in nuna maka inda kuɗin yake shiga.

Jitar bes ta lantarki ba abu ce mai sarƙaƙiya ba. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, ya biyo ta da Jazz Bass a 1960, asalin ƙirar bai sauya ba: katakon jiki, wuyan da aka ɗaure da sukurori, tsirkiya mai tazarar inci 34 tsakanin jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jitar, da kai, sai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wanda muke kira fikof, shi ne yake ɗaukar rawar tsirkiya ya mai da ita lantarki. Shi kansa Fender ya tsara ta ne don a riƙa fitar da ita da yawa daga masana'anta, idan wuya ya lalace a kwance shi a ɗaura wani. A zamanin da muka tashi, bambancin mai tsada da mai araha kamar na sama da ƙasa ne, domin ta araha takan zo da wuya a karkace tun daga kwali. Yau kuwa inji mai kwamfuta ne yake yanka katakon, ko a Corona ta Amurka, ko a Ensenada ta Meziko, ko a masana'antun Indunusiya inda ake ƙera Sire da yawancin Squier da Cort, kuma inji ba ya sanin wace ƙasa yake.

Abin da ya rage wa mai tsada shi ne aikin hannu na ƙarshe da ingancin ƙananan kaya. Ana zaɓar katakon da ya bushe sosai, ana ɓata lokaci a goge ƙarafan wuya, wato firet, har su daidaita su yi santsi, ana sa kunnuwan ɗaure tsirkiya da ba sa sakin jiki, da maɓallan murya da ba sa ƙara bayan shekara guda. A kan wannan sai ka ɗora albashin ma'aikaci a Kalifoniya, da kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Tema, da kuma suna, wanda shi ma kuɗi ne. A ganina matakala uku ce. Daga irin taka marar suna zuwa irin su Sire da Yamaha da Squier mai kyau, tsalle ne babba wanda ko mai rawa a bakin rumfa zai ji. Daga nan zuwa Fender ta Amurka, taki ne ƙarami wanda hannunka zai ji fiye da kunnen jama'a. Daga nan kuma zuwa irin Fodera da ake ƙerawa da hannu a Brooklyn, wadda wasunsu ke haura dala 10,000, wannan sai wanda ya riga ya san ainihin abin da yatsunsa ke nema.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cututtukan da ka lissafa, domin babu ko ɗaya a cikinsu da tsada ce maganinta. A cikin wuyan kowace bes akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa don ta yi jayayya da ƙarfin tsirkiya. Katako kuwa yana numfashi: da damina a Kumasi yana shan laima ya kumbura, hunturu na shigowa a Disamba ya bushe ya tsuke, har ka ji bakin ƙarafan yana kartar tafin hannunka. Wannan yana samun jitar sidi 2,000, yana samun ta sidi 30,000. Wanda bai san a yi wa jita saiti sau biyu a shekara ba, ko me ya saya, bayan damina biyu zai dawo da kukan da kake yi yau. Ana juya sandar ne kaɗan kaɗan, rubu'in zagaye a lokaci guda, a bar wuyan ya huta, sannan a daidaita tsayin tsirkiya a kan jaki.

Gurnanin nan kuma na wutar gida ne, wadda a Ghana take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya kuwa yana ɗaukarta kamar eriya. Ka sani cewa Jazz Bass ɗin da kake so ma fikof ɗinta irin wannan ne guda biyu, ba sa yin shiru sai an buɗe su duka daidai wa daida. Precision ce aka raba wa naɗi gida biyu tun 1957 don ta kashe wannan ƙarar. Sau da yawa maganin bai wuce a shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramin wayoyi ba, a kuma sake like wayar da ke zuwa ƙarƙashin jaki. Ka fara kai tsohuwar taka wurin mai gyara, a sa mata sababbin tsirkiyoyi, ka yi mako biyu da ita, sannan ka san ainihin abin da ta gaza yi maka.

Mai Lasifika na Akwatia Line:

Baba ya gama magana a kan jita, ni zan yi a kan abin da ke fitar da muryarta, domin ni ne nake tsaye bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, a irin tarukan da kake faɗa. Ƙanena, ba ka gaya mana wane amfilifaya kake amfani da shi ba, kuma wannan shirun ya nuna mini inda matsalar take. Tsirkiya mafi kauri a bes mai 4 tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, ta biyar kuwa tana sauka zuwa wajen 31. Irin wannan sauti iska mai yawa yake turawa, kuma ƙaramin amfi na gwaji a ɗaki ba zai iya fitar da shi a fili ba, ko da jitar zinariya aka jona masa. Na sha ganin saurayi ya zo da jitar da ta fi duk kayan ƙungiyarsu tsada, ya jona ta a lasifikar da takardarta ta yage, ga janareta yana ruri a bayan rumfa, ƙarshe ganga ta haɗiye shi ɗungurum.

Idan ni ne da sidi 14,000, rabi zan sa a jita, ragowar in nemi amfi mai ƙarfin wat 300 zuwa 500 da akwatin lasifika mai inci 15 ɗaya ko mai inci 10 guda 4, ko da na hannu ne, irin su Hartke ko Ampeg ko Fender Rumble, da kebur mai kyau guda biyu, da ɗan akwatin da ke kai sauti kai tsaye zuwa mikisa. Idan an kawo maka amfi daga Amurka ka duba bayansa kafin ka jona, domin wutarsu 120 ce tamu 230, kuma na ga wanda ya ƙone nasa a daren farko.

Sannan ka tuna yadda kayanmu ke tafiya. A bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ake loda su tare da sandunan rumfa, a yi ta tsalle a ramuka, a sauke su cikin rana da ƙura tun hantsi har magariba. Wanda ya ɗauko jitar da bai gama biyan kuɗinta ba zuwa irin wannan wuri, rabin hankalinsa yana kanta, ba a kan kiɗa ba.

Ɗan Nima Mai Bes, Accra:

Ina gaida Baba da girmamawa, kuma ban musanta ko ɗaya daga abin da ya faɗa game da saiti ba, amma ina ganin an rage wa jita mai tsada haƙƙinta a wannan zance, kuma ni na biya kuɗin sanin hakan. Na yi shekara 6 da masu matsakaicin kuɗi kafin in sayi Music Man StingRay ta hannu, irin ƙirar da ta fara fitowa a 1976 da na'urar ƙara sauti mai batir a cikinta. Aikina yanzu rabinsa a situdiyo ne, inda babu janareta babu hayaniyar jama'a da za su rufa maka asiri. A can duk ƙarar maɓalli, duk wurin da sauti ke mutuwa da wuri a tsakiyar wuya, duk tsirkiyar da ta fi 'yan'uwanta ƙarfi, na'ura za ta kama ta ta ajiye. Ranar da mai haɗa sauti ya ce mini a karon farko bai taɓa komai a layina ba, ranar na gane abin da na saya. Tun daga nan kuma shi yake kirana, ya daina kiran wasu.

Akwai kuma maganar wuya. Gaskiya ne kowane katako yana motsi, amma ba daidai suke motsawa ba. Fender ta Amurka ta wannan zamani tana da sanduna na garafayit a cikin wuya bayan sandar ƙarfen, kuma na lura irin waɗannan wuyoyin suna jure tafiya daga laimar bakin teku a Accra zuwa bushewar Tamale fiye da na araha da na riƙe. Ga mai wasa dare 4 a mako, jitar da ba ta sauka daga kan saiti hutu ce ta gaske.

Sai kuma batun ajiyar kuɗi, wanda mu a ƙasar nan ba za mu yi wasa da shi ba. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin shekarar ta ƙare ta haura 13. Wanda kuɗinsa ke cikin Fender ta gaske bai yi asara kamar wanda ya bar su a ƙarƙashin katifa ba, domin da dala ake auna ta kuma kullum akwai mai nemanta. Jita marar suna kuwa, ranar da ka fita da ita daga shago ta zubar da rabin darajarta.

Duk da haka akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, ƙanena. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin faya-fayen kamfanin waƙa na Motown a Amurka a shekarun 1960, Precision ta 1962 ya riƙe, irin wadda kowa zai shiga shago ya saya a lokacin, kuma an san shi da barin tsirkiyoyinsa su tsufa ba ya sauyawa. Richard Bona na Kamaru ya riƙe Fodera, amma ya riga ya zama abin da ya zama kafin ta zo hannunsa. Abin da nake cewa shi ne mai tsada tana da abin da take bayarwa, sai dai tana bayar da shi ne ga wanda aikinsa ya kai wurin da za a ji bambancin. Ka tambayi kanka ko a shekara mai zuwa kana shirin shiga situdiyo ko bin manyan mawaƙa, ko kuwa rumfar Asabar ce za ta ci gaba da ciyar da kai. Kuma idan ƙungiyarku tana taɓa waƙoƙin coci ko sababbin kiɗan Afirka ta Yamma da ke sauka ƙasa sosai, rashin tsirkiya ta biyar zai fi damunka a kan rashin sunan Fender.

Hajiya Ma'ajin Ƙungiya, Sawaba:

Ni ba na kiɗa, amma ni nake riƙe littafin kuɗin wata ƙungiyar makaɗa shekara 9 ke nan, saboda haka lissafi zan yi maka, ɗana. Tsakanin 22,000 da 7,000 akwai 15,000. Idan rabonka a dare sidi 300 ne, wannan bambancin aikin dare 50 ne cur, ba ka ci ba, ba ka hau mota ba, ba ka sayi tsirkiya ba. A duk shekarun nan ban taɓa ganin mai biki ya ƙara ko sidi ɗaya don an ce masa jitar mai bes ƙirar Amurka ce ba. Kuma bashin 8,000 a wata 4 yana nufin 2,000 kowane wata, alhali ka san akwai lokutan da aiki ke ɗaukewa, kamar watan azumi da bukukuwan zango ke tsayawa.

Game da abin da yaron Nima ya faɗa na dala, gaskiya ne, amma takobin kaifi biyu gare shi. A 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga wajen 15 zuwa ƙasa da 11 a cikin 'yan watanni, kuma wanda ya sayi kaya da tsadar farko ya ga darajarsu ta ragu a hannunsa. Bayan haka, mai iya fitar da sidi 20,000 lakadan don jita ba shi da yawa a Kumasi, kuma ranar da buƙata ta kama ka, wanda ya san kana cikin matsi shi zai yanka maka farashi.

Baba Mai Gyaran Jita, Asawase:

Na yarda da ɗana na Nima a kan maganar situdiyo da ta wuya, ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Zan ƙara abu ɗaya da na manta, wanda ya fi duk sauran hatsari. Ana yawan yi wa Fender jabu, domin tambarin da ke kanta takarda ce da ake iya likawa a kan kowane wuya, kuma na sha karɓar wadda jikinta na wani kamfani ne, wuyanta na wani. Kafin ka ba da ko sisi, ka duba lambar da ke kan jitar. Yawancin na Amurka daga 2010 zuwa yau suna farawa da US sai lambobi biyu na shekara, na Meziko kuma da MX. Na shekarun 2000 Z ne da MZ. Kamfanin yana da wurin bincika lamba a shafinsa na intanet, ka tabbatar launi da ƙirar da ya nuna sun yi daidai da abin da ke hannunka. Sannan ka roƙi mai ita a kwance wuyan a gabansa, domin a gindin wuya da cikin ramin da yake zama akwai hatimi da kwanan wata na masana'anta. Ka gwada sandar ƙarfen ka ga tana juyawa, don idan ta ƙare ko ta karye, gyaran ya kusa kuɗin sabon wuya. Ka kuma rataya ta a kafaɗa na minti 20, domin bes takan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, kuma rabin kilo ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai tsaya awa 5.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara wa Baba lafiya. Na bi shawarar farko, na kai tsohuwar jitata aka ɗaure sandar wuya, aka like wata waya da ta saki a ƙarƙashin jaki, aka sa sababbin tsirkiyoyi, duka a kan sidi 650. Gurnanin ya ragu sosai, yatsuna kuma sun huta, ko da yake daga firet na 12 zuwa sama har yanzu tana ɗan kauce wa murya, kuma mai gyaran ya ce ƙarafan wurin sun cinye.

Fender ɗin ma na koma na duba ta tare da shi. Lambarta ta fara da US, hatimin gindin wuya yana nan, ta gaske ce babu shakka, kuma har yanzu ina jin daɗinta a hannu fiye da kowace jita da na taɓa riƙewa. Amma yayana na Akwatia Line ya canka daidai, amfin da nake ɗauka zuwa wurin aiki mai wat 60 ne, na aro ne ma. Na gaya wa mai jitar cewa ba zan iya ɗaukar bashin ba a bana, ya ce idan ba ta tafi ba kafin babbar Sallah in sake tuntuɓarsa.

Yanzu niyyata ita ce in ɗauki mai tsirkiya 5 a cikin masu matsakaicin kuɗi, in sa ragowar a amfi, in bar tsohuwar don ranakun ƙura da ruwan sama. Yayana na Nima, zan shigo Accra ranar Talata in zaga shagunan Zongo Lane, domin an ce zaɓi ya fi yawa a can. Idan kana da sarari ina roƙon ka raka ni, ka saurara mini tsirkiya ta biyar a kan kowacce, don ban taɓa riƙe mai 5 ba kuma ban san yadda ake gane wadda ba ta da sakin jiki ba.